Daga Gidan Makama Zuwa Kurmi: Bin Sawun Fitila da Zoben Firintar 3D

Da hantsi na sauka daga adaidaita sahu a bakin Gidan Makama, daura da fadar Sarkin Kano. Ginin ya samo asali tun ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, yanzu kuwa gidan tarihi ne. Zanen bango ne ya kawo ni: dagi, da layukan da suka sarƙe da juna, da zankwayen da ke saman soro. Duk mai son ya fitar da fitila ko ɗan kunne mai kamannin Kano a firintar 3D, wato na'urar da ke gina abu hawa kan hawa daga zanen kwamfuta, daga irin wannan zane zai ɗebo.

Ɗaukar hotonsa ma yana da ƙa'ida. A nemi izini tukuna, sannan a tsaya tsaf a gaban zanen, kada a ɗauka a karkace, domin hoton da ya karkace dagi mai gurguwar ƙafa yake bayarwa. Hasken safiya da ke zuwa ta gefe shi ne yake nuna zurfin zanen. Daga nan sai a bi layukan a manhajar Inkscape, a kai su manhajar Tinkercad ko Blender a ba su kauri. Layin da bai kai milimita 0.8 ba a ƙara masa faɗi tun a kwamfuta, saboda bakin yawancin na'urorin milimita 0.4 ne, kuma bango sai ya samu zagaye biyu yake tsayawa da ƙafarsa.

Na fita ta Ɗan Agundi zuwa Titin Gidan Zoo, inda wani matashi yake da ɗan shago a bayan layin masu ɗinki. Na'ura uku ce a kan benci: biyu masu narka zaren roba, ɗaya mai ruwan rezin, wato ruwan roba da haske ke daskararwa, a can lungu kusa da taga. Irin waɗannan masu zare Scott Crump ne ya ƙirƙiro fasaharsu a Amurka a ƙarshen shekarun 1980, kuma sai da haƙƙin mallakarta ya ƙare a 2009 farashi ya faɗo, har ta kai ga ɗan shago irin wannan ya mallaki biyu.

Na ja kujera kusa da wadda ke aiki. Zaren robar da ake kira PLA ne fari, kaurinsa milimita 1.75, yana warwarowa daga naɗi mai kilo 1, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita 330. Bakin na'urar yana kan digiri 205, farantin da ke ƙasa kuma 60. Tana zagayawa tana ɗora hawa kan hawa, kamar yadda mai ginin tukunya ke ɗora laka har randa ta tashi. Murfin fitila ne ake bugawa, mai tsawon santimita 20 da faɗin 15, kuma an saita shi a Cura, manhajar da ke tsara wa na'ura bugu, ya tashi da bango guda, baki yana hawa a karkace ba tare da ya ɗaga ba. Wannan saiti shi ne sirrin fitila mai kyau, don babu ɗinki a jiki da haske zai tona. Matashin ya sa baki mai milimita 0.6, bango 0.8, kowane hawa 0.3. Irin wannan murfi yana cin kimanin giram 100 da awa uku, wato naɗi ɗaya ya fitar da tara ko goma idan ba a yi asara ba.

Asara kuwa ana yi, ya ma tara ta a kwali ƙarƙashin benci, na roƙe shi ya zazzage mini. Na farko murfi ne da wani ƙulli ya ɓata a tsakiya. Wuta ce ta ɗauke. Na'urar tana iya ci gaba daga inda ta tsaya, amma bakin da ya huce a jikin aiki yana barin tabo, da an kunna ƙwai a ciki kuwa tabon ne farkon abin da ido zai kama. Tun da cinta bai wuce wat 100 zuwa 150 ba bayan faranti ya yi zafi, maganin shi ne a ɗora ta kan inbata da batir tun daga farko. Na biyu gindinsa ya ɗago ya lanƙwashe, aikin iskar hunturu ne da ta bugi hawan farko, ko maiƙon yatsa a kan faranti. A goge faranti da sifirit, a rufe taga, a ƙara wa gindi baki mai faɗin milimita 5 wanda za a yanke daga baya. Na uku duk ramuka ne da gibi. Ƙura ce ta hau zare ta toshe bakin. Ga abin da ya yi, kuma ya burge ni: ɗan guntun soso ya maƙala da fegin shanya kaya a inda zare ke shiga, yana share shi kafin ya isa wuta.

Kowane lokaci na shekara da tasa matsalar. Da damina zare yana shan laima, sai ka ji yana tartsatsi a baki, aiki ya fito da gashi-gashi. A busar da PLA a digiri 45 na awa huɗu zuwa shida, a ajiye shi a bokiti mai murfi da ƙunshin silika mai shan laima. Da bazara kuma, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, zaren yana laushi tun bai isa baki ba ya cushe. Shi ya sa yake buɗe akwatin na'ura, ya bar dogon aiki sai dare.

Muna nan wata Hajiya ta shigo karɓar fitilu biyu na jeren ɗakin 'yarta. Yana naɗe su a jarida yana ja mata kunne.

"Hajiya, don Allah kada a bar su a mota cikin rana, kuma kada a sa musu tsohon ƙwan nan mai zafi."

"To ɗana, ba roba ba ce?"

"Roba ce, ranki ya daɗe, amma daga digiri 60 take fara saki."

Gaskiya ya faɗa mata, kuma ina ganin duk mai sayar da irin wannan kaya ba tare da wannan gargaɗi ba bai sauke nauyi ba. Motar da aka kulle a rana tana kaiwa wannan zafi. Wanda zai ajiye fitila a baranda ko kusa da taga, a buga masa da PETG, wani nau'in zaren roba, wanda ke jure har kusan digiri 80, sai dai yana son baki mai 230 zuwa 250, kuma ya fi yawan jan gashi.

Akwai wata fitilar daban da ya nuna mini, farin allo wanda ba ka ganin komai a jikinsa sai tudu da kwari. Da ya kunna haske a bayansa, sai ga Dutsen Dala ya bayyana. Kauri ne ke yin aikin: inda ya kai milimita 3 ya yi duhu, inda yake 0.8 ya yi haske. A tsaye ake buga shi, a cike ba rami, da hawa na 0.12, allo mai santimita 10 da 15 yana cin awa biyar zuwa takwas. Mutane da yawa rubutun aya ko sunan Allah suke nema. A nan akwai abin lura, domin idan bugun ya lalace ba a jefa shi kwalin shara, don haka yake gwada saitinsa da zanen dagi, sai ya tabbata sannan ya ɗora rubutun.

Bayan azahar na nufi Sabon Gari ta Bata don ganin kayan haɗi. Nan ba a daɗewa idan mutum ya san abin da yake nema. Holda iri biyu ce a kasuwa, mai murɗi E27 da mai fil B22, a nemi mai zoben ɗaure murfi, a kuma auna ta kafin a zana ramin, wanda a holdar E27 yawanci yake tsakanin milimita 40 da 42. Ƙwai LED na wat 5 zuwa 7 ya isa, a bar tazarar santimita 3 zuwa 5 tsakaninsa da bango, da ƙofar fitar zafi a sama. Mai ruwan ɗorawa, wanda aka rubuta 2700K ko 3000K a kwalinsa, ya fi dacewa da farar roba, mai 6500K yana sa ta yi fari fat ba armashi. Wutarmu bolt 230 ce, saboda haka waya ta samu maƙalli a inda ta shiga gindin fitila, kada yaro ya fizga ta fita daga holda. Fitilar ɗakin yara gara a yi ta da zirin LED mai bolt 5 na USB, wanda ko fawa bank zai kunna.

A nan kuma ake samun ƙugiyar ɗan kunne. Ɗan kunnen PLA mai kaurin milimita 2 zuwa 3 da tsawon santimita 5 bai wuce 'yan giram ba, ramin ƙugiya a bar shi milimita 1.5 zuwa 2 tun a zane, a goge da sanfefa mai lamba 220, sai 400, sai 800 da ruwa. Ƙugiya ta zama ta sitenles, don mai arha da aka haɗa da nikel tana sa wa mata da yawa ƙaiƙayin kunne.

Daga nan na bi ta Kantin Kwari na shiga gari ta Ƙofar Mata, na wuce marinar da ake danganta kafuwarta da 1498, har lungunan Kurmi inda maƙeran fari suke. A aljihuna akwai samfurin zobe da na'urar rezin ta fitar, wadda ke daskarar da ruwa da haske mai tsawon zango nanomita 405, hawa ɗaya milimita 0.05 ko ƙasa da haka. Ita ce ta kayan ƙawa, domin mai zare ba ta iya wannan ƙanƙanta. Ɗanyen rezin kuwa yana cin fata. Sai da safar hannu ake taɓa shi, a wanke samfuri a sinadarin IPA, wani nau'in sifirit, na 'yan mintoci, a gasa shi da haske har ya daina danƙo, ruwan wankin kuma a shanya shi ya daskare, kada a zuba a kwata.

Na gaida wani dattijo da ke zaune gaban zugazugi, awartaki da magagari a gefensa, na miƙa masa.

"Baba, wannan zai zubu da azurfa?"

Ya juya shi a tafin hannu, ya kankare shi da farce. "Wannan ba kaki ba ne, yaro. Ƙonewa zai yi, ba zai narke ba."

Nan gizo ke saƙa. Zubin kaki tsohon ilimi ne a wannan yanki, da shi aka yi tagullar Igbo-Ukwu da Ife da Benin, da shi Buzaye ke zuba azurfarsu. Kakin zuma yana narkewa a digiri 62 zuwa 64 ya tsiyaye, ya bar gurbinsa tas a cikin laka. Rezin kumbura yake yi kafin ya ƙone, ya fasa mazubi ko ya bar toka da za ta yi wa zobe zanzana. Akwai rezin na musamman na zubi, amma yana buƙatar murhun lantarki da zai hau a hankali cikin sa'o'i har wajen digiri 730, abin da gawayi ba zai iya saitawa ba. Hanyar da ta dace da Kurmi ita ce a zuba silikon a kan samfurin a samu mazubi, a riƙa cika shi da kaki, maƙeri ya karɓi abin da hannunsa ya saba da shi. Sai dai a gasa samfurin sosai, don ɗanyen rezin yana hana wani nau'in silikon daskarewa. Idan kuma zoben ba shi da lungu, ana iya danna shi kai tsaye cikin mazubin ƙasa mai ɓari biyu.

Dattijon ya nuna inda zane ya yi siriri ya ce magagari da goga za su cinye shi. Tsagi ya kai zurfin rabin milimita, jikin zobe kada ya gaza milimita 1.5, a kuma ƙara wa girmansa kashi 2 zuwa 3 cikin 100, domin kaki da ƙarfe duk suna tsukewa idan sun huce. Hanyar shigar ƙarfe a liƙa ta a inda zoben ya fi kauri, in ba haka ba siririn wuri ya riga daskarewa, mai kaurin ya fito da rami. Lissafin azurfa tun a kwamfuta ake yinsa: a duba girman cikin samfurin a ninka da 10.4, zobe mai rabin santimita kubik zai ci giram 5.2 na azurfa mai lamba 925, wato kashi 92.5 azurfa, sauran jan ƙarfe. A tanadi ƙari saboda hanyar zubi, wadda za a yanke a sake narkawa, amma tsohon guntu kada ya wuce rabin abin da ke cikin kasko, sauran ya zama sabuwar azurfa.