Ranar da ruwa ya caɓe min shinkafar baƙi

Shekaru ina dafa shinkafa kofi 2 da ruwa kofi 3, tana fitowa wara-wara, kowace ƙwaya da kanta, ga laushi. Na saba da wannan awon har na daina tunani a kansa. Sai ranar da za mu yi baƙi, na auna shinkafa kofi 8. Lissafin da ya zo min a kai shi ne wanda zai zo wa kowa: shinkafa ta ninka sau huɗu, to ruwa ma ya ninka sau huɗu. Na zuba kofi 12, na rufe tukunya, hankalina kwance.

Da lokacin saukewa ya yi na ɗaga murfi, sai na ga ruwa kwance a sama, shinkafar kuma ta riga ta nuna. Gabana ya faɗi. A nan na ƙara wa kaina ɓarna. Na ƙara wuta don ruwan ya ƙone da sauri, na sa ludayi ina ta juyawa. Ƙasan ya kama, ƙwayoyin suka farfashe, tukunyar gaba ɗaya ta zama abu guda mai danƙo da ƙaurin ƙanzo. Haka na zuba wa mutane. Babu wanda ya ce komai, amma na ga abin da aka rage a faranti, kuma har yau idan na tuna sai raina ya sosu.

Yayata ce ta zaunar da ni bayan kowa ya watse. Ta tambaye ni ruwa nawa na zuba, na faɗa mata. Ta ce, "Ƙanwata, ke kin ɗauka duk ruwan da kike zubawa shinkafa ce ke shanye shi? Wani tururi yake zama ya tafi." Na ce, "To Yaya, ai idan shinkafa ta yi yawa tururin ma yawa zai yi." Ta ce in je in gwada in gani.

Na gwada, ba sau ɗaya ba, kuma maganarta ce ta tabbata. Farar shinkafa kusan kofi ɗaya na ruwa take sha a kan kowane kofi ɗaya nata. Abin da ya ɗoru a kan haka kason tururi ne, shi kuma tururi bai san yawan shinkafar da ke ciki ba. Faɗin bakin tukunya, kyan murfi, ƙarfin wuta da daɗewar girki su ke yanke yawan ruwan da zai gudu. A awona na kullum, cikin ruwa kofi 3 ɗin nan, kofi 2 kason shinkafa ne, kofi 1 na tururi. Da na ninka komai, sai na ba tururi kofi 4 alhali bai fi kofi ɗaya da rabi zai ɗauka ba a babbar tukunyar. Ragowar bai da inda za shi sai cikin shinkafar. Ga shi kuma na jiƙa ta na minti 30 kafin in ɗora, ta riga ta sha wani ruwan tun a kwano, ban rage komai saboda haka ba. Yanzu kofi 8 nakan ba shi ruwa kofi 9 da rabi, wani lokaci 10 idan murfin bai zauna daidai ba.

Juyawar nan ita ce ta fi min ciwo, don da na bar ta da an ceci wani abu. Ƙwayar shinkafa idan ta yi zafi sitacin da ke cikinta kumbura yake yi, jikinta ya yi taushi. Ludayi na taɓa ta sai ta fashe, sitacin ya fito ya haɗe da ruwa, ya manne ƙwayoyin da juna. Abin da ya kamata in yi a ranar shi ne in juye ta a matsami ruwan ya tsane, in mayar da ita tukunya a kan wuta kaɗan ta ƙarasa da tururinta. Minti 5 ya isa. Ruɗewa ce ta hana ni tunawa.

Wankewa ban taɓa wasa da ita ba, sau uku ko huɗu har ruwan ya daina yin fari sosai, don wannan farin garin sitaci ne da ke sa danƙo. Nau'in shinkafa ma yana da ta cewa. Mai dogon jiki irin basmati tana da yawan sitacin da ake kira amilos, shi ya sa take warewa, gajeruwa mai ƙiba kuwa ko yaya aka lallaɓa ta sai ta ɗan manne. Wadda aka turara tun tana cikin buntunta ta fi haƙuri, tana son ƙarin ruwa da ƙarin lokaci, kuma da wuya ta caɓe. Tawa ta ranar ba irin wannan ba ce.

Yadda nake yi yanzu, da ruwa ya tafasa sai in rage wuta can ƙasa, in rufe ruf, ba na sake taɓa murfin sai bayan minti 15. In kashe wuta, in bar ta a rufe na wasu minti 10. Da can ina ganin wannan jiran ɓata lokaci ne, ashe a lokacin ne damshin ƙasa ke hawowa sama, ƙwayoyin su ɗan yi ƙarfin da za su jure taɓawa. Sannan in sa cokali mai yatsu in ɗaɗɗaga ta a hankali daga gefe.

Wata biyu bayan nan na sake dafa kofi 8, Yaya tana nan. Na auna ruwa kofi 9 da rabi hannuna na rawa, don a ido kamar ba zai isa ba. Sau biyu na miƙa hannu zan ƙara, ta riƙe ni. Da na buɗe, shinkafar ta taso har kusa da bakin tukunya, da 'yan ramukan tururi a samanta, cokali na shiga tana zubewa ɗai-ɗai. Na ɗebi kaɗan na miƙa mata, ta tauna, ta ce in kawo faranti.