Sana'ata: mayar da waƙoƙin mutane kiɗan metal

Situdiyona ɗaki ɗaya ne a bayan wani garejin gyaran motoci a Birmingham, ƙasar Ingila. Mu biyu ne a ciki, ni da yaron da ke riƙe mini kyamara yana kuma yanka bidiyo. Aikinmu shi ne mu ɗauko waƙar da kowa ya sani, ta soyayya ko ta rawa, mu rushe ta mu sake gina ta da kiɗan metal, wato kiɗan Turawa mai nauyi da ƙarar jitar lantarki, mu ɗora a YouTube. Ni ke kaɗa jita, ni ke kaɗa bes (jita mai kaurin sauti), ni ke tsara ganguna a kwamfuta, ni ne kuma mai ihun. Idan Hajiyarmu ta kira daga gida ta ji ƙarar, tambayarta ɗaya ce: "Kai yanzu wannan hayaniyar ce abincinka?" Sai in ce, "Ita ce, Hajiya, a dai ci gaba da sa mana albarka."

A garin nan kiɗan ya samo tushe. A unguwar Aston aka kafa ƙungiyar mawaƙa ta Black Sabbath a 1968. Mai jitarsu, Tony Iommi, yana ɗan shekara 17 injin masana'antar ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu. Ya haɗa wa yatsun 'yan huluna na roba, ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi, daga baya ya sassauta ɗaurinsu don rage zafi. Sassautawar nan ta ƙara wa sautin kauri da nauyi, kuma har gobe haka muke yi. Jitar da na fi aiki da ita tsirkiya bakwai gare ta, ta bakwan don ta kai ni can ƙasa inda jita mai shida ba ta zuwa.

Mutane sun ɗauka a kaɗa jita aikin yake. Ai shi ne mafi sauƙi a duk sana'ar. Abin da ke cin rai shi ne zaɓen waƙa da sake mata gini. Ba kowace waƙa ke karɓar metal ba. Wadda amshinta ke da ƙarfi, wanda mutum zai iya rerawa a banɗaki ba tare da kiɗa ba, ita ce ke tsayawa da ƙafafunta ko an tuɓe mata komai. Wadda kuwa daɗinta duk a kayan kwamfuta yake, da ka ɗora mata jita sai ta zube. Yawanci nakan sauke waƙar zuwa sauti mai duhu, in ƙirƙiro mata gajeren zubin jita da za a yi ta maimaitawa, wanda babu shi a ta asali, sannan in bar amshin yadda yake don mai sauraro ya gane inda aka dosa. Kamar tela ne da aka kawo wa tsohuwar riga: yadin na mai shi ne, ɗinkin ne naka.

Wurin ɗauka akwai wata dabara da ba a gani a bidiyo. Zubin jitar nan sau biyu ake kaɗa shi, wani lokaci huɗu, a jefa ɗaya kunnen hagu ɗaya dama. Ba a kwafa a manna, dole hannu ya sake kaɗawa, domin ɗan bambancin da ke tsakanin kaɗawa biyun shi ke sa sautin ya cika kai. Amma in bambancin ya wuce kima sai ya zama kwamacala. Shi ya sa za ka same ni da belin kunne, na'urar ƙidaya tana ƙwas-ƙwas, tafin hannuna na danne da gindin tsirkiyoyi, ina nanata daƙiƙa goma har yatsuna su yi kanta. Amfilifaya kuwa, akwatin da ke ƙara wa jita ƙara, na daina kunna ta tun da masu garejin suka yi ƙorafi. Manhajojin kwaikwayon amfilifaya, irin na kamfanin Neural DSP na ƙasar Finland, sun kai inda kunnen mai kallo a waya ba zai bambance ba.

Sai maganar kuɗi, inda yawancin masu sha'awar shigowa ke sarewa. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da kai sai tasharka ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Bayan nan kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar ne rabon mai tasha. To amma waƙa haƙƙi biyu gare ta: na rubutunta da karinta, da na sautin da aka naɗa. Sautin nawa ne tunda ni na kaɗa komai, rubutun kuwa na masu shi ne. Na'urar YouTube da ake kira Content ID takan gano karin tun bidiyon bai yi nisa ba, daga nan mai haƙƙi ke da zaɓi: ya raba kuɗin da kai, ya kwashe duka, ko ya toshe bidiyon a wasu ƙasashe. Ka yi aikin mako guda, wani kamfanin da bai san da zamanka ba ya yanke hukunci. Ban ga laifin marubucin waƙa ba, guminsa ne. Abin da ke ba ni haushi shi ne ba ka sanin hukuncin sai ka gama wahala.

Saboda haka talla ba ta riƙe gida, balle a watan Janairu da farashinta ke faɗuwa bayan bukukuwan ƙarshen shekara, ga kuma hukumar harajin Birtaniya na jiran nata kafin 31 ga watan. Abin da ke biyan hayar ɗakin nan da albashin yarona shi ne shafin Patreon, inda masoya ke ba da 'yan fam kaɗan duk wata, su kuma su riga kowa ganin bidiyo, su jefa ƙuri'a kan waƙar da za a yi gaba. Sai Spotify, dandalin sauraron waƙoƙi, wanda ke buƙatar lasisi ga kowace waƙa ta hannun mai rarrabawa irin DistroKid, kuma tun 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba, ko kwabo ba ta kawowa. Ragowar gibin da haɗa wa ƙananan ƙungiyoyin garin nan sauti nake cike shi.

Duk mai wannan sana'a ya san Leo Moracchioli na Frog Leap Studios a ƙasar Norway, wanda shi ma yake kaɗa kusan komai da kansa, ya tara mabiya sama da miliyan 4. Matasan da ke turo mini saƙo miliyoyin nan suke hange. Ni abin da nake kallo a wurinsa shi ne shekarun da ya kwashe yana sakin bidiyo mako bayan mako ba fashi. Wanda ya zo neman koyo a wurina, nakan ba shi waƙa ɗaya in ce ya dawo da ita a gine ranar Juma'a, ya kuma bincika mini wa ke da haƙƙin rubutunta kafin ya taɓa jita.