Gemun Auduga da Kallabin Aro

Da tashe na fara, kamar yawancin yaran birnin Kano. A azumin shekarar 1987, ina da shekara tara, daga goma ga wata muka shiga zaga gidaje bayan an sha ruwa, ni ne tsoho mai gemun auduga da ƙusumbin tsumma, sauran yara suna yi mini amshi. Wani malaminmu na firamare ya ji muryata a wani zaure, washegari ya je ya roƙi mahaifina ya bar ni in shiga ƙungiyarsu ta wasan kwaikwayo. Baba ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Malam, na ba ka shi, amma duk ranar da ya yi fashin makarantar allo, ranar wasa ya ƙare."

A wancan lokaci da wuya iyaye su bar 'ya mace ta hau daɓe, saboda haka duk inda wasa ya buƙaci yarinya, ni ake ɗaura wa zani, a rambaɗa mini kwalli, a ɗora mini faifan talla. Ba a ba mu rubutaccen wasa mu haddace; Malam yakan zaunar da mu ne ya ba da labarin, ya ce wane kai ne uba, wane kai ne alƙali, sannan kowa ya nemo maganarsa daga bakinsa. A nan na gane cewa sauraro ya fi magana wuya, domin wanda bai ji abin da abokin wasansa ya faɗa ba, ba shi da abin mayarwa.

Makirufo ɗaya muke da shi, shi ma sau da yawa yakan ɗauke. Malam yakan koma can ƙarshen fili ya tsaya, ya ce, "Kai yaro, ɗaga murya, na baya ma kuɗi ya biya." Shi ya koya mini jawo numfashi daga ciki maimakon maƙogwaro, da haƙurin jira dariyar jama'a ta lafa kafin in ci gaba. Ranar da zanina ya kwance ana tsakiyar waƙa a wata makarantar sakandare, gajeren wandon makaranta ya bayyana, ban gudu ba. Na tsuguna na ɗaure ina yi wa zanin faɗa da muryar mata, kuma ban taɓa samun tafi irin na ranar ba.

Mun yi wasa a Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, an kuma haska mu a talabijin na CTV, wanda yanzu ake kira ARTV. Yara a unguwa suka laƙaba mini sunan yarinyar da nake fitowa a matsayinta, abin da ya jawo mini dambe ba sau ɗaya ba. Kuɗi kuwa, abin da ke zuwa hannuna bai wuce kwalbar lemo da naira biyu ba, sauran yana wajen wani babba a ƙungiyar wanda ba a taɓa tambayarsa lissafi ba. Ban san ana ciniki a kaina ba sai da na girma.

A 1992 muryata ta fara kauri. Ina cikin rera baitin da na saba kaiwa sama, sai ta karye kamar ta ɗan zakara mai koyon cara, mai kalangu ya kalle ni ya sassauta kiɗa. Babu wanda ya taɓa gaya mini wannan rana tana tafe, alhali duk manyan sun sani. Ga shi kuma tun 1990 finafinan bidiyo na Hausa sun fara fitowa a Kano, 'yan wasa suna ta barin daɓe suna komawa gaban kyamara. Sharaɗin Baba ne ya cece ni, domin ban bar allo ko boko ba, har na zama malamin firamare.

Mako biyu bayan wasan da muryata ta karye a cikinsa, Malam ya kawo wani yaro ɗan aji uku, ya ce in koya masa ɗaurin kallabi. Na koya masa, na kuma nuna masa yadda ake ƙulle zani sau biyu.