Riƙon Tsohuwar Ƙaramar Mota: Roba Ce Ke Fara Gajiya

Motata Corolla ce ƙirar 2005 mai injin 1ZZ-FE na lita 1.8, kuma sai da ta bi hannun mutane kafin ta iso gare ni. Abin da riƙonta ya koya mini shi ne, ƙarfen irin waɗannan ƙananan motoci yana da juriya ƙwarai, roba ce ke gajiya da wuri: tiyon ruwa, fanbel, robar shaf, bushin, sil ɗin da ke tare mai, har tayar kanta. Zafi da shekaru suna cin su ko da motar a ajiye take.

Da ta zo hannuna ban dogara da labarin sabis ɗin da aka ce an yi mata ba. Na juye baƙin mai da filta, na zuba 5W-30 kusan lita huɗu, na sauya man birki da ruwan lagireto, na rubuta kilomitar da agogo ya nuna. Daga nan lissafina ya fara. Man birki yana tsotsar danshi daga iska, shi ya sa duk shekara biyu nake sauya shi ko da kalarsa ba ta canja ba. Idan ruwa ya yi masa yawa, a doguwar gangara yakan tafasa, ka taka birki ka ji ƙafarka ta nutse.

Inda na fi sa ido shi ne sanyaya inji, domin kan injin nan na alminiyam ne. Zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi, gaskit ya ƙone, aikin da tiyo ɗaya zai tare ya koma sauke kan inji. Da safe, inji na sanyi, nakan matsa tiyon sama da na ƙasa da hannu. Mai lafiya yana da ɗan tauri, kuma da ka sake shi zai dawo daidai. Wanda ya bushe ƙam, ko ya yi luguf, ko ya kumbura kusa da maɗaurinsa, kwanansa ya ƙare. Saman lagireton kuma filastik ne. Idan baƙinsa ya fara komawa ruwan ƙasa, ko ka ga farin busasshen tabo a inda ya haɗu da alminiyam, tsagewa ta kusa.

Murfin lagireto ƙaramin abu ne da ake rainawa. Shi ke riƙe matsin da ke hana ruwan tafasa da wuri, lambarsa tana rubuce a kai, galibi 0.9 ko 1.1. Idan robarsa ta mutu, ruwa zai riƙa raguwa ba tare da ka ga ɗigo a ƙasa ba. Kada a buɗe shi inji na da zafi, ruwan yakan yi tsartuwa ya ƙone fuska.

Ruwan famfo zalla ba na zuba shi. Yana barin tsatsa da farar ƙasa a cikin siraran hanyoyin lagireto, ya kuma ci famfon ruwa. Rabi ruwan sanyaya inji, rabi tataccen ruwa, ko wanda aka riga aka haɗa. Haka nan ban yarda da masu cewa a cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto, don mota ta daina zafi ba, wannan shawara tana ɓata mini rai. A wajen digiri 82 yake buɗewa, aikinsa ya kai inji zafin aiki da sauri. Idan babu shi, kwamfutar motar takan daɗe tana ganin inji a sanyi, ta yi ta ƙara fetur, ainihin cutar kuwa tana nan: toshewar lagireto, ko fanka da ba ta tashi, ko famfon da ya mutu.

Injin motata sarƙa ce ke juya taimin ɗinsa, wato abin da ke daidaita buɗewar bawul da motsin fistin, saboda haka tsabtar baƙin mai ita ce kulawarta. Wanda motarsa bel gare ta, kamar Civic ta 2001 zuwa 2005, ya dubi littafin motar, in bai san ranar da aka sauya ba ya sauya kawai, tare da famfon ruwa tunda hanya ɗaya ce. A irin wannan inji, idan bel ya tsinke fistin yakan doki bawul.

Robar shaf kuwa sai ka durƙusa. Murɗa sitiyari har ƙarshe, ka leƙa bayan tayar gaba da tocila. Za ka ga baƙar roba mai ninki-ninki. Idan ta yage, giris zai fantsama a zagaye jikin rim da ƙafar motar, yashi kuma ya shiga. A wannan mataki roba da giris kawai za ka saya. Idan ka bari har ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas a kwana, kan shaf ɗin ya riga ya cinye.

An san injinan 1ZZ na farko-farko da shan baƙin mai saboda zoben fistin, don haka duk sati nake zare sandar awo, mota a wuri mai daidai, bayan inji ya huta. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama ya kai lita guda ko fiye, kuma fitilar mai ba ta kamawa sai matsi ya riga ya faɗi.

Taya ba a auna ta da zane kaɗai. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, su ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Wadda ta haura shekara shida nakan bi gefenta da tsakanin zanen ina neman ƙananan tsagu, in na gan su na sauke ta ko zurfin zanen bai sauka ƙasa da milimita 1.6 ba. Safayar da ke cikin but ma haka, ita ce galibi ta fi kowace tsufa, kuma a duba iskarta duk wata.