Black ba ya jin nauyin kowa

Mu biyar ne a nan Garwa muke rubuta manhajar lissafin kaya ta 'yan kasuwa da yaren kwamfuta na Python. Babbanmu shi ya koya wa rabinmu aikin. To in ya turo kod, wato rubutun manhajar, layukansa sun zarce allo, wa zai buɗe baki ya ce "Yaya, a gyara nan"? Shiru kake ji. Amma yaron da ya zo koyon aiki daga Ngaundere, a kansa kowa ke samun bakin magana: nan gurbi ya yi yawa, can waƙafi ya ɓace. Sai a cinye hantsi ana duba tsarin rubutu, ba wanda ya duba ko lissafin ma daidai yake.

Ba ƙa'ida muka rasa ba. PEP 8, ƙa'idar tsara rubutun Python, tun 2001 take nan: gurbi 4 wajen shigar da layi ciki, kuma layi kada ya wuce haruffa 79. Kowa ya karanta ta, kowa kuma yana binta ranar da ya ga dama.

Shi ya sa muka ɗauko Black, mai gyara tsarin kod, wanda Łukasz Langa ya fitar a 2018. Shi ba ya ba da shawara, sake jera kod ɗin yake yi da kansa, layi ya tsaya a haruffa 88. Ni dai 88 ɗin nan bai kwanta mini ba in na raba ƙaramin allona biyu, amma zaɓin da Black ya bari kaɗan ne, don haka musu ya mutu. Muka ɗaura shi da pre-commit: kafin Git, mai ajiye mana kod da tarihin gyare-gyarensa, ya karɓi aikinka sai Black ya bi ta kansa, in ya taɓa wani abu aikin ya tsaya, ka sake turawa. Mudu ɗaya ake auna wa Yaya da ɗan koyo. Kuma a kwamfutarka yake aiki, ko intanet ta ɗauke. Saukarwar farko ce kawai ke cin data.

Ranar da za ku bi duk tsofaffin fayiloli da shi, git blame, umarnin da ke nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe, zai jingina layuka rututu ga wanda ya yi gyaran. Ku sa lambar wannan gyaran cikin fayil .git-blame-ignore-revs, Git ya iya tsallake shi tun sigar 2.23.

Saura sunayen da muke raɗa wa abubuwa cikin kod, rabi Faransanci rabi Turanci. Black ba ya taɓa su, don haka mun sa zama ranar Asabar bayan la'asar.