Akuyoyin Inna da shekarar ambaliya

A ƙauyenmu da ke ƙasar Auyo, duk magidancin da ka tambaya sana'arsa zai ce maka noma. Ba ƙarya ya yi ba, sai dai hatsin rumbu ba kasafai yake kai gida wata goma sha biyu ba.

Baffana manomi ne mai dabara: shinkafa a fadama, gero da wake a tudu, riɗi kuma don kuɗin kashewa. Da kogin Haɗeja ya tumbatsa a daminar 2022, shinkafar ta nutse, geron ya ruɓe a tsaye saboda yawan ruwa. Gonaki uku, amma duk ruwan sama ɗaya suke jira.

Abin da ya riƙe gidan daga cikin gida ya fito. Inna ba ta fita, amma tana sayen gyaɗa a tiya, ta soya, a kai inji, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli. Da ribar take zubin adashi, in ta kwasa ta sayi akuya. Akuyoyin nan aka riƙa kaiwa kasuwa ɗaya bayan ɗaya ana auno masara. Wata rana na ji Baffa yana cewa, "Hajiya, bana kam ke kika noma." Abin da ke damuna kawai shi ne ƙannena mata ke ɗaukar tallan, wani lokaci a bakin makarantarsu.

Samari kuwa cin rani suke tafiya. A da acaɓa ne, amma Kano ta hana shi a 2013, Legas ma ta hana a manyan unguwanninta a 2022, sai wasu suka koma ga-ruwa da gadi. Yayana ya dawo gida, yanzu raguna yake turkewa da harawa da dusa, ya kai kasuwar Maigatari ran Alhamis gab da babbar Sallah. Noman rani ma akwai, albasa da alkama, sai dai tun da aka cire tallafin fetur a 2023 injin ban ruwa ya fi ƙarfin talaka, mai hali ne ke sayen na sola.

Duk sanda aka zo rabon tallafi, sunan maigida ake rubutawa, a ba shi taki. Ban taɓa ganin an yi sallama an tambayi matan gida abin da sana'arsu ke buƙata ba. Da Inna za a tambaya, allurar rigakafin awaki za ta nema, don annoba ɗaya tana iya share mata garken da ta yi shekaru tana tarawa.