Mako na shida: Taho, A'a, Dakata

'Yan'uwa masu koyon kurket, barkanmu da war haka. Wannan makon a filinmu na bayan firamare, nan ƙauyenmu kusa da Ringim, mun jingine koyon bugu muka koma gyaran baki, wato kiran da masu bugu biyu ke yi wa juna kafin su yi gudun neman maki.

Ranar Juma'a sau huɗu ana fitar da mu muna tsakiyar gudu. Tsakanin turakun nan (itace uku da ake kafawa a bayan mai bugu) da na can yadi 22 ne kacal, mita 20 da 'yan kai, amma in ku biyu kuka yi cirko-cirko a tsakiya, kafin ɗayanku ya kai layin tsira da ke gaban turaku an kaɗe su da ƙwallo, an fitar da shi.

Da Turanci kira uku ne: yes, no, wait. Ba a son a ce go, don a kunne kamar no yake. Mu ma mun faɗa wannan ramin: wani ya ce "zo", abokin gudunsa ya ji "no", ga iskar hunturu tana kwashe rabin magana. Sai muka tsayar da namu: Taho, A'a, Dakata. Dakata ba ta zama ita kaɗai, dole Taho ko A'a ta biyo bayanta.

Wa ke kira? In ƙwallo ta yi gaba, mai bugu ne. In ta zille bayansa, abokin gudunsa na ɗaya ɓangaren ne, tunda shi yake ganinta. A'a kuwa kowa na da ikon faɗa, muddin da wuri ne.

A nan na fi shan wuya, saboda kunya. Ƙanena ne abokin guduna, shekara bakwai na ba shi. Ya ga sarai ba za mu kai ba, amma nauyin baki ya hana shi daka wa yayansa tsawa, ya biyo ni aka fitar da shi. Abin ya tsaya mini a rai. Da yamma na zaunar da shi na ce, "Auta, a fili in ka ce A'a, ni mai biyayya ne." Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya." Jiya ya kwatsa mini ita har masu ɗiban ruwa a famfo suka waiwayo, na koma layi da sandar buguna a ƙasa, na tsira.

Mako mai zuwa juyowa don gudu na biyu za mu koya: sauya wa sanda hannu don fuska ta kalli inda ƙwallo take. Har yanzu baya nake ba ta.